Ƙarfen kofato daga dokin ƙofa zuwa ƙirjin riga: tarihin wata alamar sa'a a ƙasashen Turai

Cikin kayan adon da maƙeran Ingila da Faransa suka ƙera daga wajen 1860 zuwa Yaƙin Duniya na Farko, akwai wani rukuni da dillalan tsofaffin kaya suke warewa dabam, wato adon da aka yi da siffar kayan doki. Ana samun fil na maƙalawa a ƙirjin riga mai siffar bulala, da ƴan kunne masu siffar likkafa, da awarwaro da aka kwaikwayi linzami, da maɓallan hannu masu hoton kan doki. Amma wanda ya fi duka yawa shi ne mai siffar ƙarfen kofato, lanƙwasasshen ƙarfen nan da Turawa ke bugawa da ƙusa a ƙarƙashin kofaton doki don kada dutse ya cinye shi. Dillalai kan ce wannan siffa alamar sa'a ce tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan maganar gaba ɗaya ba. Shekaru ɗaruruwa babban aikin ƙarfen kofato tsari ne, ana kafa shi don ya hana mugun abu shiga gida. Ma'anar sa'a ba ta rinjayi ta tsari ba sai a ƙarni na 19, sa'ad da aka cire shi daga ƙofa aka mai da shi zinariya. Bambancin ya shafi duk mai fassara tsakanin Faransanci da Hausa, domin Hausa ba ta gama tsari da sa'a cikin kalma ɗaya ba.

1. Zamanin tsari

Shi kansa ƙarfen bai kai tsufan da ake ba shi ba. Rumawa suna ɗaura wa dabbobinsu wani irin takalmin ƙarfe da tsirkiya, wanda ake sawa a cire. Ƙarfen da ake bugawa da ƙusa bai yaɗu a Turai ba sai wajen ƙarni na 9 da na 10. Abin da ya riga shi daɗewa shi ne imani da cewa baƙin ƙarfe yana korar abin ɓoye. Pline, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79, ya ambaci masu kafa ƙusar da aka ciro daga kabari a dokin ƙofa don maganin firgitar dare. Ashe ƙarfen kofato gado ya tarar: wurin a shirye yake, dokin ƙofa ne, aikin ma a shirye. (Dacewa ce kawai ta sa Bahaushe yake kiran wannan wuri dokin ƙofa, babu wata dangantaka ta tarihi tsakanin sunan da al'adar Turawa.)

Shaidun rubuce na Ingila a fili suke. A 1584 Reginald Scot, wanda ya rubuta littafi sukutum don ƙaryata zancen mayu, ya lissafa dabarun da jama'a ke yi na kare kai, daga ciki har da buga ƙarfen kofato a dokin ƙofar waje don kada mayya ta sami ikon shiga. A 1696 John Aubrey ya ce yawancin gidajen yammacin Landan suna da shi a bakin ƙofa saboda wannan dalili, ya kuma ƙara wani sharaɗi mai muhimmanci: lalle ya zama wanda aka tsinta. An yi amfani da kalmar mayu a nan don ita ce mafi kusa, ko da yake mayyar Turai, wadda ake zargi da ƙulla alkawari da Shaiɗan, ba daidai take da mayen Bahaushe mai kama kurwa ba.

Idan aka tattara abin da waɗannan marubuta da na bayansu suka faɗa, sai a ga cewa ikon abin yana rataye da sharuɗɗa. Baƙin ƙarfe ne, ya bi ta wutar maƙera, doki ya taka shi har ya gaji ya faɗi, mutum ya gamu da shi a hanya ba da nema ba, sa'an nan aka kafa shi a iyaka tsakanin ciki da waje. Irin ma'anar sa'a yana nan kwance cikin sharaɗin tsintuwa, gama a zamanin da ƙarfe yake da tsada, wanda ya tsinci guntunsa ya dace da abin da maƙeri zai saya. Sai dai sa'ar tana wajen tsintar. Abin da aka tsinta kuwa, aikinsa gadi ne.

Cocin Turai bai iya kawar da al'adar ba, sai aka lulluɓe ta da labarin waliyyai. A Ingila ana ba da labarin Dunstan, babban limamin Canterbury da ya rasu a 988, wanda ya iya ƙira: wai Iblis ya zo maƙerarsa, ya buga masa ƙarfe a kofato da azaba, bai sake shi ba sai da ya yi rantsuwa ba zai shiga gidan da aka kafa irin wannan ƙarfe ba. Tsofaffin tarihohin Dunstan ba haka suka kawo ba. Abin da ke cikinsu shi ne ya kama hancin Iblis da awartaki mai zafi. Labarin kofaton a ƙarni na 19 ya shahara, ta hanyar wani ɗan littafin waƙar raha na Edward Flight mai zane-zanen George Cruikshank, wato a daidai lokacin da mutane suka fara daina tsoron abin da labarin ke magana a kai. A Faransa kuwa waliyyin masu buga wa dawaki ƙarfe shi ne Éloi, wanda ya rasu a 660, maƙerin zinariya kuma mai kula da bugun kuɗi na sarki Dagobert. Shi ne kuma waliyyin masu ƙera ado. Da Bahaushe ne zai faɗa, sai ya ce maƙeran baƙi da maƙeran fari uba ɗaya suka tara, tun kafin ƙarfen kofato ya ƙaura daga hannun waɗannan zuwa hannun waɗancan.

Hukuma ce ta fara janye hannu daga zancen mayu. Dokar Louis na 14 ta 1682 ta mai da shi zancen zamba, majalisar Ingila kuma ta soke hukuncin maita da dokar 1735. Jama'a ba su bi nan da nan ba. A watan Afrilu na 1813 Henry Ellis ya ƙirga ƙarfen kofato 17 a bakin ƙofofin titi ɗaya na Landan, titin Monmouth, ana kuma cewa Nelson ya sa an buga ɗaya a jikin jirginsa na yaƙi. Duk da haka abin yana ta komawa al'adar kakanni, wadda ake yi ana murmushi.

2. Filin sukuwa da kantin zinariya

Abubuwa biyu suka haɗu suka juya ma'anar: caca ta yaɗu, zinariya ta yi araha.

Tseren dawaki na zamani a Ingila aka tsara shi. An kafa filin Ascot a 1711, tseren St Leger a 1776, na Derby a 1780. Da jirgin ƙasa ya zo, sai kallon da dā na ƴan sarauta ne ya zama na kowa, har daga 1847 majalisar dokoki ta riƙa ɗage zamanta a ranar Derby shekaru da dama. Faransa ta biyo baya: ƙungiyar inganta dawaki ta 1833, tseren Chantilly na 1836, filin Longchamp a 1857, babban tseren Paris a 1863. A 1865 dokin Faransa mai suna Gladiateur ya ci Derby a ƙasar Ingila, jaridun Paris suka yi masa laƙabi da mai ramuwar Waterloo. Dokar 1891 ta tsara cacar haɗaka a filayen Faransa, kuma jikarta ce ake bugawa a rumfunan Yamai da Maraɗi a kan dawakin da ke gudu a Vincennes da Longchamp. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a kan doki ba mayya yake tsoro ba. Abin da yake so shi ne ya ci, kuma idan ya laluba cikin al'adun kakanninsa don neman abin riƙewa, babu abin da ya fi kusa da doki kamar ƙarfen ƙafarsa.

Ta wajen ƙarfe mai daraja kuwa, an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, a Ostiraliya a 1851, daimon kuma a Afirka ta Kudu daga 1867. Tun 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya sami izinin dabarar shafa zinariya da azurfa a kan ƙarfe mai araha da ƙarfin lantarki. A 1854 doka ta halatta zinariya mai karat 15 da 12 da 9 a Ingila, alhali dā 22 da 18 kaɗai ake buga wa hatimi. Karat 9 yana nufin kashi 375 cikin 1000 ne kawai zinariya, saura gauraye, don haka akawu da ƴar aikin kanti suka iya sayen abin da dā sai matar attajiri. Injin bugawa yana fitar da siffa ɗaya sau dubbai daga fallen ƙarfe, kuma da wuya a sami siffar da ta fi ƙarfen kofato sauƙin bugawa: baka ɗaya ce da ƴan ɗigo a madadin ƙusoshi. Waɗannan hatimai su ne abin dogara wajen sanin shekarun kayan. Hoton angar jirgin ruwa alamar ofishin gwajin Birmingham ce, wanda aka buɗe a 1773. Kan gaggafa alamar zinariyar Faransa ce tun 1838. Abin da ke ɗauke da hatimin Ingila na karat 15 kuwa an yi shi tsakanin 1854 da 1932, shekarar da aka soke wannan ma'auni.

Maza suka fara sa shi, a kan dogon fil da ke riƙe ƙyallen wuyan mahayi ko a sarƙar agogo. Mata suka karɓa yayin da hawan doki ya zama abin yayi gare su a Hyde Park da dajin Boulogne, musamman a shekarun da Elisabeth, sarauniyar Ostiriya, take zuwa farautar kan doki a Ingila da Ayalan, daga 1876 zuwa 1882. Na masu hali ana jera masa daimon ko ƙananan lu'ulu'u, a gitta masa bulala, wani lokaci a sa ƙarau mai haske a tsakiya wanda aka sassaƙa hoton doki ta bayansa aka shafa launi. Yawanci ana yi masa kan ƙusa 7, adadin da Turawa ke ganin mai albarka, wanda kuma ya yi daidai da aikin maƙeran Ingila da yawa, 4 ta waje 3 ta ciki. Na marasa hali azurfa ce ko tagulla, wani da fatan alheri a rubuce a jiki. Har cikin kayan makoki ya shiga, bayan mutuwar yarima Albert a 1861 ta sa baƙin ado ya zama yayi: maƙeran Whitby sun sassaƙa shi da baƙin dutsen garinsu mai sheƙi. Ƙarfen kofato a ƙirjin mai takaba shaida ce cewa siffar ta fara rabuwa da kowace ma'ana takamaimai.

A nan ya kamata a koma ga sharuɗɗan da aka ambata a baya, a gwada su da wannan fil na zinariya. Ba baƙin ƙarfe ba ne. Doki bai taɓa taka shi ba. Ba tsintarsa aka yi ba, saye aka yi, ko kyauta. Ba ya kan iyakar gida, yana yawo da mai shi. Babu sharaɗi ko ɗaya da ya rage, siffa kaɗai ta tsira. Abin da dā yake aiki da jikinsa ya zama alama mai nuni, kamar kalma, wadda ma'anarta ta dogara ga yardar masu amfani da ita. Shi ya sa gardamar yadda za a rataya shi ta yi zafi daga baya. Wasu sun ce bakin ya dubi sama don kada sa'a ta zube, wasu sun ce ya dubi ƙasa don ta zubo wa mai wucewa. Dukan hujjojin biyu suna ɗaukar sa'a kamar ruwa a ƙwarya, tunanin da ba shi da wuri a zamanin da aikin ƙarfen tare hanya ne. A fadar Oakham ta gundumar Rutland, inda al'ada ta wajabta wa kowane basarake mai ziyara ya ba da ƙarfen kofato, an tara fiye da 200, mafi tsufa na sarki Edward na 4 ne na wajen 1470, kuma duka ƙasa suke duba ba tare da wani ya damu ba.

Tsoro bai mutu ƙurmus ba. Edward Lovett, ma'aikacin banki da ya shafe shekaru yana tara layun talakawan Landan, ya nuna cewa a Yaƙin 1914 sojoji sun tafi fagen fama da ƴan ƙananan abubuwan kariya a aljihu, mata kuma suna sa fil mai tambarin rundunar mazansu, sau da yawa cikin bakar ƙarfen kofato. Idan mutuwa ta matso, tsohuwar ma'anar takan leƙo. A zaman lafiya kuwa abin ya koma irin labarin da Heisenberg ya ce Niels Bohr yana bayarwa, na maƙwabcin da ya kafa ƙarfen a ƙofa, aka tambaye shi ko ya yi imani da shi, ya ce a'a, amma an gaya masa yana aiki ko mutum bai yi imani ba.

3. Shaidar kalmomi

Kalmar Faransanci « bonheur » ta ƙunshi « heur », wadda ta fito daga Latin « augurium », wato duban da malaman Rum ke yi da tashin tsuntsaye. Ba ta da dangantaka ta asali da « heure » mai nufin lokaci. Kamancin furuci ne ya sa aka liƙa mata harafin farko. Abin sha'awa, hanyar da Faransanci ya bi bisa ruɗu ita ce Hausa ta bi da gaske, domin « sa'a » daga Larabci take, inda take nufin lokaci, kuma har yanzu tana riƙe da ma'anonin biyu: mai sa'a shi ne wanda ya faɗo a kan lokacin da ya dace. « Porte-bonheur » a matsayin sunan kayan ado ɗan ƙarni na 19 ne; Littré ya shigar da shi cikin ƙarin ƙamusunsa na 1877 a matsayin kalmar maƙeran ado, sunan wani awarwaro. « Luck » ta Ingilishi kuwa aro ce daga harsunan Holan da arewacin Jamus a ƙarni na 15, kuma masana asalin kalmomi suna kyautata zaton ta bakin ƴan caca ta shigo.

4. Kayan dokin ƙasar Hausa da matsalar fassara

Ƙasar Hausa ƙasar dawaki ce, amma ba ƙasar ƙarfen kofato ba. A kan rairayi da jigawa kofato ba ya cinyewa kamar a kan titin dutse, don haka dokin Damagaram da na Gobir da na Adar huntun ƙafa yake tafiya. Harshe ya tabbatar da haka. Sirdi, da linzami, da likkafa, da lifidi duka aro ne daga Larabci, uku na ƙarshe ma suna ɗauke da ragowar « al- » a farkonsu, irin tsofaffin aron da Greenberg ya yi nazari a 1947; Tarihin Kano kuma ya danganta shigowar lifidi da sulke da zamanin Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Larabci yana da « na'l » mai nufin takalmin mutum da na doki, amma Hausa ba ta ara ba, don ba ta ari abin ba. Sai dai a siffanta, a ce takalmin doki ko ƙarfen kofato.

Abin da dokin Bahaushe yake ɗauka shi ne laya, ɗinke cikin jar fata ko cikin gidan azurfa ko na tagulla, a wuya ko a goshi, kamar yadda ake gani a hawan salla. Masu rubuta bayanin kayan tarihi da dillalan Turai sukan kira irin waɗannan « porte-bonheur », har da adon azurfa na Abzinawa. Wannan fassara tana ɗora wa kayan tarihin da ba nasu ba. Layar doki tsari ce daga baki da ido da ƙarfen abokin gaba, wato ta fi kusa da ƙarfen kofato na zamanin Aubrey fiye da fil na Birmingham. Ko a nan ma kamancin bai cika ba. Ikon ƙarfen Aubrey yana cikin jikin ƙarfen. Ikon laya yana cikin rubutun da ke ɓoye, shi ya sa masana da dama suke ganin kalmar daga « al-aya » ta fito. Gidan azurfar da ake sha'awa a bayan gilashi sutura ce kawai. Malamai ma sun daɗe suna gardama kan rataya wa dabba abin tsari: akwai hadisin da ya yi umurni da a tsinke tsirkiyar da ake ɗaura wa raƙuma a wuya, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya fahimci cewa saboda tsoron kambun ido ake ɗaurawa.

Gaskiya ne Bahaushe yana neman nasibi ta hanyar asiri, akwai layar kasuwa da ta farin jini. Amma idan ana zancen sa'ar da ke bin halitta, Hausa jiki take dubawa. A ce amarya tana da goshi, a ce wane yana da ƙashin arziki, a ce wance farar ƙafa gare ta. Game da doki ma haka: mai saye yana duban launi da fararen ƙafafu da tabon goshi kafin ya dubi sirdi, hadisi sananne kuma ya ɗaura alheri a makwarkwaɗar dawaki. Siffa tsirara wadda ke jawo sa'a don kamanninta kawai, ba rubutu a ciki, ba malamin da ya haɗa, ba sharaɗin da za a kiyaye, baƙuwa ce a wannan tsari.

Irin wannan kuskure ya taɓa faruwa a Ingila kanta. Frederick Elworthy a littafinsa na 1895 kan kambun ido, da waɗanda suka bi shi, sun ɗauki faifan tagullar da ake rataya wa dawakin amalanke a matsayin layun da suka gangaro kai tsaye daga jinjirin watan da Rumawa ke sa wa dawakinsu. Jinjirin watan Rumawa gaskiya ne, an tono shi a sansanonin sojansu. Sai dai mafi yawan faifan tagullar da ke hannu an zuba su ne bayan 1850, don ado da gasar nuna dawaki, a masana'antun Walsall da Birmingham. Can an mai da ado laya, a nan ana mai da laya ado.

Saboda haka ƙamus na Faransanci da Hausa bai kamata ya sa « laya » a gaban « porte-bonheur » ba. « Amulette » da « talisman » su suka fi dacewa da laya da kambu da guru, tare da bayanin aikin kowanne. « Porte-bonheur » kuwa sai a siffanta shi, a ce abin ado da Turawa ke ɗauka da fatan sa'a, a ba da misalin ƙarfen kofato na zinariya. A katin bayanin layar doki kuma, a rubuta sunan da mai ita yake kiranta da shi, da garin da aka samo ta, da abin da aka ce tana tsarewa, kafin a zo ga nauyin azurfar gidanta.